Ajiyar Dakta a Bayan Firij

Shekara goma sha ɗaya na yi a Kuala Lumpur kafin korona ta zo, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa karɓar ajiyar da ba a buɗe ta a gabana ba. Kowa ya san ni da wannan. Ni ejan ne, ko dillali, ko ɗan aike, kira ni abin da ka ga dama, an kira ni da waɗanda suka fi haka muni. Ɗalibai su kawo mini kaya in tura musu gida, iyayensu kuma su aiko musu da yaji da kuka da daddawa ta hannuna. In ka kawo ƙunshi, a bakin ƙofa za ka kwance shi. Gwangwanin madara ne, buɗe. Takalmi ne, sai na lanƙwasa shi na duba ƙasansa. Akwai matar wani lakcara da ta yi shekara biyu ba ta gaishe ni saboda na sa ta farke ɗinkin filo. Ta je ta yi ta fushinta. A ƙasar nan kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka kama da kayan da bai san cikinsu ba, kuma ba a tambayar ko kai mutumin kirki ne a unguwarku.

Dalili na biyu kuma, takarduna ba masu son a kalle su sau biyu ba ne. Karatu ya kawo ni, a rubuce. Na yi zango uku a difloma na ga ba zan iya ba, ko kuma su suka ga ba zan iya ba, ya danganta da wanda ka tambaya. Tun daga nan nake zaune da bizar ɗalibi ta wata kwaleji da ke saman shagon gyaran babur, wadda ban san launin kujerun ajinta ba. Mutum da furfura a gemu, wai ɗalibi. Lokacin da aka kulle gari, fasfona yana wajen masu kwalejin don sabuntawa. Suka rufe ofis suka tafi gida. Abin da ya rage a aljihuna wata 'yar takarda ce mai hatimi, wadda ta ce ana kan aiki. Zamana a ƙasar nan, da sana'ar da nake ciyar da iyalina a Kano da ita, duk a kan wannan 'yar takarda suke tsaye, da kuma kada kowa ya sami dalilin leƙa ɗakina.

Ɗakin yana hawa na tara a wani tsohon gini bayan Jalan Masjid India. Lif ɗin yana wari, bango yana zubar da fenti, amma ina son wurin. In na sauko, shagunan yadi da abaya suna gabana, jirgin ƙasa yana kusa, masallaci tafiyar ƙafa ne, ga mamak, mai shagon shayi da abinci, a ƙasan ginin da ya san yadda nake son shayina ba sai na faɗa ba. Shekara bakwai na yi a nan. Duk ɗalibin da ya sauka garin nan daga Arewa, kafin ya yi wata guda an kwatanta masa ƙofata.

Saura kwana biyu a kulle gari Dakta ya zo mini. Lakcara ne a wata jami'a a gida, ɗan wajen Zariya, an turo shi digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak. Bai zama dakta ba a lokacin, mu ne muka laƙaba masa, rabi girmamawa rabi tsokana. Ya kusa arba'in, siriri, mai gilashi, irin mutanen da ba sa iya amsa tambaya da e ko a'a. Ya shigo da babbar leda, ya zauna a tabarma, ya zaro wata baƙar kwamfuta, ba allo, ba madannai, girmanta bai wuce kwalin takalmi ba.

"Yaya, alfarma na zo nema."

Na ce, "In kaya ne, jirage sun fara tsayawa."

"Ba tura ta za ka yi ba. Zama za ta yi a wajenka. Wuta kawai take so, sai waifai."

Ya ce za a rufe makaranta, an ce kowa ya kwashe abin da zai kwasa daga ɗakin bincike. Yana da irin kwamfutar nan guda biyar, kuma aikinsa gaba ɗaya a kansu yake. Sai sun yi kwana sittin suna aiki tare ba yankewa, yana rubuta abin da ke faruwa, sannan zai iya kammala babin ƙarshe.

"Ka ga fayil, ko? Takarda, ko hoto, ko me. Sai in yanka shi gida biyar, kowace kwamfuta ta riƙe kaso ɗaya. Amma yankan na dabara ne. In ɗaya ta mutu, ko ma biyu, ragowar ukun sun isa su dawo da fayil ɗin cif, ba abin da ya ɓata."

"In uku suka mutu fa?"

"Ai shi ya sa nake raba su unguwa-unguwa. Ɗaya a wajena, ɗaya a wajen wani abokin karatuna, ɗaya a wajen Alhaji mai shadda a Bukit Bintang, ɗaya a gidan Hajiya mai tuwo, sai wannan a wajenka. Me zai kashe uku a rana ɗaya?"

Na ce, "Buɗe ta."

Ya yi dariya, don ya san hali. Da sukudireba a aljihunsa ya zo. Ya kwance murfin, na leƙa: koren allo mai 'yan ƙarafa, ƙaramar fanka, ƙura, da wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu da ya ce a nan ake ajiyar. Na shinshina, na jijjiga. Ba komai.

Na ce, "Ba wannan cikin nake nufi ba. Abin da ka zuba mata."

Ya haɗa ta da laftof ɗinsa ya juyo mini da allon. Haruffa da lambobi ne a cakuɗe, layi bayan layi, ba kalma ɗaya da mutum zai kama.

"Mene ne wannan?"

"Kasonka ke nan."

"Karanta mini."

"Ba ya karantuwa, Yaya. Ko ni ba zan iya ba sai an haɗa uku."

"To in aka ƙwanƙwasa mini ƙofa aka ce mene ne wannan, in ce me?"

"Ka ce bincike ne."

"Ɗan Najeriya, da kwamfuta marar allo a ɗaki, tana aiki ba tsayawa, cike da rubutun da ba ya karantuwa, in ce bincike ne. Dakta, a wace ƙasa kake zaune?"

Ya ce zai kawo mini wasiƙa daga malaminsa, da hatimin jami'a. Wasiƙar ba ta zo ba. Kafin ya samu malamin an rufe ƙofar makaranta.

Na san za a ce to me ya sa na karɓa. Shekara biyu kafin nan zazzaɓin dengi ya kwantar da ni, har na fara ganin mutanen da suka mutu. Wannan mutumin ne ya ɗauke ni a tasi ya kai ni asibiti, ya yi kwana huɗu yana kawo mini kunu a filas daga gidansa. Ba wanda ya leƙo a cikin masu cewa ni babban yayansu ne. Ina kallonsa a tabarma, da sukudireba a hannu, kalmar a'a ta zo har bakina ta koma. Kunya ce ta sa, ba yarda ba. Na ce ya sa ta a bayan firij, inda wanda ya shigo ba zai gan ta ba.

Aka kulle gari. Wanda bai ga Masjid India a kwanakin nan ba, ba zai gane ba. Titin da kullum sai ka yi kafaɗa da mutane, ka leƙo ta taga ka ga hankaki yana tafiya a tsakiyarsa. Mamak ya daina zaunar da mutane, sai tapau, a ɗaure maka a leda ka haura. Ba jirgi, ba kaya, ba ɗalibi. Ni kaɗai a ɗaki, sai abin nan a bayan firij. Da, ban taɓa lura firij yana da ƙara ba. Yanzu ƙara biyu nake ji, na firij da wani siriri a ƙarƙashinsa, kamar sauro a cikin kwalba. Tana da 'yar koriyar fitila a gaba mai ƙiftawa. In na tsuguna zan ɗauki ruwa sai in ga haskenta a jikin bango.

Mutumin da ba shi da aiki, lura ce aikinsa. Na gane bayan la'asar ƙiftawar tana sauri. Wani lokaci ta yi shiru, sai kuma ta ɓarke kamar an tsokane ta. Na kira shi.

"Dakta, abar nan da wa take magana?"

"Da 'yan uwanta."

"Su kaɗai?"

"Su kaɗai, wallahi."

"Ta waifai ɗina. Da sunana a kan layin."

"Yaya, gaisawa kawai suke yi. Wannan ta ce ina nan, waccan ta ce ni ma ina nan. Sannan su gwada abin da ke hannunsu, ko wani ya lalace."

Ban ce ƙarya yake ba. Amma na yi shekaru ina ganin yara masu gilashi da kyakkyawar magana ana fito da su daga gidaje, hannu a baya, an jera laftof ɗinsu a tebur ana ɗaukar hoto. Su ma iyayensu a gida karatu suka sani.

Wata rana da hantsi na ce bari in gwada. Na miƙa hannu bayan firij na kashe makunnin soket ɗin. Fitila ta mutu, sauron ya yi shiru. Na zauna na kalli agogo. Minti goma bai cika ba wayata ta yi ƙara.

"Yaya, wuta ce ta ɗauke a wajenku?"

A garin nan wuta ba ta ɗaukewa, ya sani, na sani. Na ce tsintsiya ce ta taɓa wayar ina shara.

"Ba komai, ba komai," in ji shi, har da murna a muryarsa. "Ai irin wannan nake so in gani. Sauran huɗun sun ɗauki nauyin nan take. Mayar da ita kawai, za ta cim musu."

Shi abin da ya gani ke nan. Ni abin da na gani, mutum yana zaune a ɗakinsa a can wata unguwa, ya san na taɓa makunni a bayan firij ɗina.

A ranar ne ya riƙe ni a waya kusan awa guda, shi ma kaɗaici ya dame shi, don matarsa da yaransa sun koma gida tun kafin cutar. Ya ce abin ba sabo ba ne, tun shekarun tamanin masana suka fara shi a jami'o'in Turawa. Da, kowa a kwamfutarsa yake ajiye aikinsa, in kana so ka ba wani sai ka kwafa a faifai ka kai masa da ƙafa. Sai suka ce a ajiye babbar kwamfuta guda a ɗaki mai sanyi, a ja waya zuwa kowane tebur, kowa ya buɗe fayil ɗinsa daga can kamar a gabansa yake. Ita ake ce wa saba. Abin ya yi daɗi har ranar da babbar ta kwanta, sai kowa a ginin ya naɗe hannu. Daga nan suka fara tunanin a yi ta biyu, a yi ta uku, a raba, a kwafa. Sai kuma sabuwar rigima, in mutum biyu suka gyara abu ɗaya a wuri biyu, na wa za a ɗauka. Ya ce tsofaffin takardun nan yake bi ɗaya bayan ɗaya, yana sake gina abin da suka gina da kwamfutocin gwanjo, don yana so ya koma gida ya yi wa jami'arsu, inda wuta ke ɗaukewa sau biyar a yini, sakamakon jarrabawar ɗalibai ya ɓace a ce kwamfuta ta ƙone.

Na saurare shi. Ban yi digiri ba amma ba jaki ba ne ni, na gane abin da yake faɗa. Na kuma gane yadda yake rage muryarsa yana zaɓar ƙananan kalmomi saboda ni, kamar mai ba yaro magani.

Na ce, "Turawan nan naka, a gidajen mutane suka ajiye nasu?"

"A'a, a ɗakunan jami'a."

"Da fasfonsu a aljihu."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Daga ranar na daina amsa waya a kusa da firij. In matata ta kira daga Kano, banɗaki nake shiga in rufe ƙofa. Na ɗauki tawul na lulluɓe kwamfutar, don in daina ganin fitilar. Washegari sai ga saƙonsa: Yaya, zafinta ya tashi, ko wani abu ya toshe fankar? Na tsaya da wayar a hannu ina kallon tawul. Na yaye shi.

Na kira Alhaji mai shadda, dattijo ne da ya riga ni zuwa ƙasar nan, na tambaye shi ya tasa take.

"Tana nan tana kuka a ƙarƙashin gado. Uwargidana ta ce aljani na kawo mata."

"Alhaji, ka san abin da ke ciki?"

"Ina zan sani? Na ji an ce ka karɓa, shi ya sa na karɓa. Na ce in dai kai ka yarda da kaya, to an duba."

Ni kuma Dakta ya ce mini Alhaji ya riga ya karɓa. Wa ya fara a cikinmu? Har yau ban sani ba. Wataƙila ba da wata manufa ya faɗa ba. Amma na riƙe wannan a raina, na juya shi kwana da kwanaki.

Azumi ya kama muna kulle. A lokacin ne aka fara zagaye wasu gine-gine a unguwarmu da waya mai ƙaya, saboda cutar ta yi yawa a cikinsu. Ba shiga ba fita. Daga baya muka ga manyan motoci, ana fito da baƙi a layi, ana duba takardu, wasu a mayar da su ciki, wasu a hau da su mota. Da idona na gani daga taga, ba labari ba. Muna da guruf a waya na 'yan kasuwarmu da masu abinci, kullum cike yake da saƙon murya, wannan ya ce an shiga gini kaza, wancan ya ce gobe kaza ne. Rabi gaskiya, rabi tsoro.

Ranar tamu ta zo da safe, wajen ƙarfe tara. Na leƙa na ga fararen motoci a ƙofar gininmu, da mutane cikin fararen riguna har kai, da masu kaki. Maigadinmu, wani ɗan Nepal, yana bin hawa-hawa yana buga ƙofofi. Ya ce kowa ya shirya da fasfonsa, za a kira hawa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce masa, "Za su shiga ɗakuna?"

Ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wannan ita ce gaskiya, kuma ban taɓa ɓoye ta ba.

Na rufe ƙofa na tsaya a tsakiyar ɗaki. Na ga kaina a layi da 'yar takarda maimakon fasfo. Wannan kaɗai wataƙila in sha, wataƙila ba zan sha ba. Sai na ga wani ya hauro ya ja firij. Mene ne wannan? Bincike. Na wa? Ina wasiƙa? Buɗe mu gani. Ba ya buɗuwa. Daga nan ba sauran magana, sai dai matata ta ji a bakin mutane.

Na kira Dakta sau biyu, bai ɗauka ba. Daga baya ya ce yana wanka. Na danna guruf na yi saƙon murya, kuma ina tuna abin da na faɗa kalma-kalma: "Jama'a, sun zo gininmu, ana bi ɗaki-ɗaki. Duk wanda yake da injin Dakta a gidansa ya san yadda zai yi da shi tun da wuri." Dakta ba ya cikin guruf ɗin, na 'yan kasuwa ne.

Na fizge wayoyin, na cusa ta a tsohon buhun shinkafa, na juye kwandon shara a kanta, ɓawon albasa da ƙashin kifi, na ɗaure. Kowane hawa yana da ɗan ɗakin zuba shara a ƙarshen baranda. Na kai ta can na tura ƙarƙashin sauran ledoji. A raina na ce in ƙura ta lafa zan dawo in ɗauke.

Aka kira hawa na tara bayan azahar. Muka yi layi a farfajiya, kowa da takunkumi, rana tana dukanmu, ga azumi. Aka zura mini tsinke a hanci har na yi hawaye. Wani mai kaki ya karɓi takardata, ya juya ta, ya kalli gemuna, ya kalli inda aka rubuta ɗalibi. Ya tambaye ni sunan kwalejin, na faɗa. Ya rubuta wani abu, ya miƙo mini, ya ce, "Boleh," wato in wuce. Shi ke nan. Ba wanda ya hau sama. Ba ɗakin da aka shiga.

Da na koma hawa na tara, ɗakin shara a share yake tas, yana warin maganin feshi. Masu tsafta sun kwashe komai tun muna layi.

Ban gama wanke hannu ba Dakta ya kira. Muryarsa ba irin ta ranar tsintsiya ba ce.

"Yaya, uku sun ɓace mini tun safe. Taka, da ta Alhaji, da ta Hajiya. Alhaji ba ya ɗaukar wayata. Me ke faruwa?"

Na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba. Sauran kuma daga baya na ji. Alhaji yana Bukit Bintang, inda ko motar 'yan sanda ba ta tsaya ba a ranar, yana jin saƙona ya sa guduma ya farfasa tasa, ya zubar da ita a ledoji uku daban-daban. Hajiya mai tuwo, wadda ke dafa wa ɗalibai abinci a wata unguwa can gefen gari, mijinta ya jefa tasu a babban kwalbati, ruwan sama ya tafi da ita.

Dakta ya ce, "Biyu suka rage."

"Ba ka da kwafi a wani wuri?"

"Duk abin da na auna a ciki yake. Na kwana arba'in da bakwai, da na shekarar da ta wuce. A ciki na zuba."

"Kai da kake karatun ajiya, ko a filash ba ka kwafa ba?"

"Na so in nuna na yarda da abin da na gina."

Na ce, "To ka nuna."

Bai kamata in faɗi haka ba, ga mutum cikin azumi da tashin hankali. Amma haushinsa nake ji, don shi ya kawo abin ɗakina. Ya kashe wayar.

Sai bayan wata huɗu muka haɗu, an sassauta kulle, fasfona ya dawo da sabuwar biza. Shi ya nemi mu zauna a mamak ɗin ƙasan gininmu. Na zo da shirin faɗa, na tanadi amsoshina. Sai na tarar da shi ya ƙara ramewa, amma idonsa yana ƙyalli. Ya sa aka kawo mana shayi da roti, gurasarsu. Ya ce an ƙara masa wata shida, matarsa ta yi kuka, an haifa masa 'ya bai gan ta ba. Ya faɗi wannan ba tare da ya kalle ni ba. Sannan ya buɗe laftof.

"Malamina ya ce abin da ya faru shi ne aikin. Tsofaffin takardun nan, yawancinsu sun ɗauka kowace kwamfuta da ajalinta take mutuwa, wannan gobara, waccan tsufa. Ni ma haka na lissafa. Na raba unguwa, na raba kamfanin intanet, na raba layin wuta. Ban lissafa cewa uku a cikin masu gidajen suna guruf ɗaya ba, kuma maganar mutum ɗaya suke ji." Ya ɗan yi murmushi. "Babi guda na yi a kanka, Yaya."

Na ajiye kofin shayin. "A kaina?"

"Ba suna, haba. Gida na huɗu kawai na ce."

Ya juyo da allon. Taswirar gari ce da ɗigo biyar. Ga ɗaya nan ja, a bayan Masjid India. A ƙarƙashi an jera lokuta: ranar da gida na huɗu ya kashe soket da hantsi, ranar da zafi ya tashi, da rana da minti da aka cire ta gaba ɗaya. A gefe kuma ya yi bayani da Turanci, na karanta a hankali, cewa mai gidan baƙo ne ɗan kasuwa, ya ga jami'ai a ƙofar gininsa, ya zubar da na'urar, ya kuma sanar da sauran.

"Wa zai karanta wannan?"

"Masu jarraba ni, mutum uku. Sai laburare. Wataƙila a buga a mujalla, in Allah ya sa."

"A intanet."

"Yaya, ɗigon nan ya rufe rabin unguwa fa."

"Gini nawa aka zo a ranar nan, a wannan lokacin? 'Yan Najeriya nawa ne a cikinsa? Ni kaɗai ne. Ka rubuta da hannunka cewa wani ɗan kasuwa mai bizar ɗalibi ya ga hukuma ya jefar da kwamfuta."

"Ban ce mai bizar ɗalibi ba."

"Su za su ƙarasa maka. Cire shi."

Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga. Ya ce zai cire taswirar, zai mayar da ɗan kasuwa ya zama mazauni, amma lokutan ba za su ciru ba, su ne hujjar, in babu su babu babi, in babu babi babu digiri. Ya ce, "Ka riga ka ɗauke mini guda, Yaya. Wannan ka bar mini." A nan ne kawai na ji ɗaci a muryarsa.

Na kalle shi. Ban san ko ya cire taswirar ba, kuma ko ya cire a wannan, malaminsa ya riga ya ga ta farko, kuma mutumin nan sana'arsa ita ce kada abu ya kasance a wuri ɗaya. Na tashi na bar shayin.

A ƙarshen watan na bar ginin. Na sami ɗaki a can ƙarshen layin jirgi, inda sai ka sauka ka ƙara hawa bas, a gidan wani tsoho ɗan Sin da ba ya tambayar komai. Na canza layin intanet, na sa da sunan mai gidan. Masu kawo kaya yanzu a tasha nake haɗuwa da su, in tsuguna a gefen matakala ina kwance ƙunshi mutane suna kallo, kuma da yawa sun gaji sun koma wajen wani ejan da ke cikin gari. Alhaji ya ce na haukace, ba wanda ke karanta littattafan nan ko su masu rubuta su. Wataƙila. Shi ba a rubuta mintin da ya ɗaga guduma tare da cewa jami'ai suna ƙofarsa ba.

Dakta ya gama a shekarar da ta biyo. Kafin ya tafi ya nemi adireshina a wajen Alhaji, wai yana so ya zo mu yi sallama. Na ce wa Alhaji ya gaya masa na gode, Allah ya sa albarka, Allah ya raya jaririya. Adireshin kuma ban bayar ba, don ko Alhajin bai san shi ba.